Bikon da Na Ɓata a Kurni

Ba zan taɓa mantawa da bikon Mariyama ba, kuma ko ni na so in manta, 'yan fadarmu ba za su bar ni ba. Yanzu haka in ka zo Matamaye, ka tarar da mu muna shan shayi bayan la'asar, ka ce "biko" kawai, za ka ga manyan mutane masu gemu sun dafe ciki. Ni ake yi wa. Shi ya sa na ce gara ku ji labarin daga bakina, kafin ku ji shi wajen Lawali mai gyaran moto, wato babur, wanda duk ranar da ya ba da shi sai ya ƙara masa gishiri.

Ni mushe ne, wato malamin boko, ina koyarwa a wata lakwal, makarantar yara, a nan cikin gari. Wata shekara wani furoje na masu ba da tallafi ya kwashi malamai zuwa Damagaram formasiyo, wato horon ƙaro ilimi, har da ni. Darasin wai yadda mutum zai san abin da ke cikin zuciyarsa, ya iya riƙe ta, kuma ya karanci zuciyar na kusa da shi. Abin yana da wani dogon suna na Faransanci, antelijans emosiyonel, wanda na yi ta maimaitawa a mota har muka iso gida don kada ya kuɓuce mini. Matar da ta koyar da mu ta ce wannan shi ne sirrin cin nasara da zaman lafiya, ya fi ƙwaƙwalwa, ya fi diflom. Ta ce a riƙa kallon mutum cikin ido. A bar shi ya faɗi abin da yake ji. In ya faɗa, a maimaita masa don ya san an saurare shi. Ta ce damuwar da aka binne ba mutuwa take ba, tsirowa take yi. (Ba ta yi ƙarya ba, baiwar Allah. Ita dai ba ta san hannun wa ta danƙa wa wuƙa ba.)

Na dawo gari ina jin kaina likitan zukata. Ba wanda ya tsira. Direktanmu ya yi hamma a taro, na same shi a buro, wato ofishinsa, na ce na lura akwai abin da ke cin ransa. Mai ƙosan bakin lakwal ta ƙi yi mini gyara, na ce mata wannan fushin ba nawa ba ne, daga gida ta taho da shi. Wata rana a fada na kama hannun Lawali, na zuba masa ido, na ce, "Lawali, tun ɗazu kake mutsu-mutsu. Faɗa mini abin da kake ɓoyewa."

Ya ce, "Fitsari nake ji, mushe. Sake mini hannu."

Ko wannan bai sa na yi hankali ba.

To, ina da wa, Yaya Habu, mai sayar da hatsi a kasuwa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma mutum ne da maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba. Matarsa ita ce Mariyama, 'yar Kurni. Ni kuma lokacin tuzuru ne, ɗakina yana bayan gidansu, amma cikina a gidansu yake kwana ya tashi: kokon safe, na rana, tuwon dare, duk hannun Mariyama. Kun san wasan da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa. To ni na ɗauke shi kamar aikin gwamnati, ba fashi, ba hutu. Da na yi sallama zan fara: "Ina 'yar ƙauye? Yau kuma da wace miya za a hukunta mu?" Sai ta yi ɗan murmushi, ta sunkuyar da kai, ta ajiye kwano ta shige ɗaki. Ni kuwa masanin fuska sai in ce a raina, ka ga yadda take jin daɗin wasan nan har kunya ta kama ta.

Wata safiya na shigo da ƙoƙona, na ga murhu a sanyaye. Yaya Habu yana zaune bakin ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Na ce ina mutuniyar? Ya ce, "Ta tafi gida."

Yaji! Mariyama da ko ƙuda ba ta iya kora da ƙarfi. Na ja kujera na zauna gabansa, na kafa masa ido kamar yadda aka koya mana.

"Yaya, me ka yi mata?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Can ya ce, "Ba komai."

Nan na buɗe masa darasi. Na ce matsalarsa ba ya iya bayyana zuciyarsa, na ce mace tana son a saurare ta, na ce ya yi sa'a Allah Ya ba shi ƙani mai wannan ilimin. Yana ji, yana wasa da wani ɗan tsinke a ƙasa. Gaskiya ya rame a cikin 'yan kwanakin da suka biyo baya, don yana son matar nan ba kaɗan ba. Ko kasuwa ya je, sai a auna masa tiya a gabansa hankalinsa yana wani wuri.

Aka shirya biko. Baffa Sule, ƙanin mahaifinmu, shi zai je ya ba iyayenta haƙuri ya taho da ita. Yaya Habu ya ce Lawali zai kai shi a moto.

Na ce, "Lawali? Ina raye?"

Ya ce, "Ai kana da aji."

"Asabar ce, Yaya."

"Motonka kuma na ji kamar tana ƙara."

"Shekaranjiya aka canja mata mai."

Ya dubi Baffa, Baffa ya dubi sama. (Ni a karatuna, wannan kallon yana nufin: kai, yaron nan akwai zumunci.) Daga ƙarshe Baffa ya ce, "To, mu je. Amma ka ji da kyau, aikinka moto. In mun isa, kai da ita ku tsaya a inuwa."

Muka kama hanya da hantsi, Baffa a baya da ƙullin goro cikin aljihu, ni a gaba ina bitar darasi a zuci. Muna isa ƙofar gidan Malam Isa, mahaifin Mariyama, na jingine moto a gindin itacen bedi, na bi bayan Baffa cikin zaure kamar an gayyace ni. Ya waigo ya harare ni, amma mai gida ya riga ya shimfiɗa tabarma, ba damar kora.

Ga wanda bai taɓa zuwa biko ba, abin ba shi da wuya in an bar manya su yi. Ba a tone-tone. Ba a tambayar wa ya fara. Masu zuwa su ɗauki laifi ko ba su san shi ba, masu gida su ce ba komai ko da akwai komai, kowa ya rufa wa kowa asiri, mace ta koma ɗakinta da mutuncinta. Haka kuwa aka yi. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gona da dabbobi da ciwon ƙafar Baffa. Aka kawo fura muka sha. Sannan Baffa ya ajiye goro, ya gyara murya.

"Malam, mun zo ne a kan 'yarmu. Yaro ya yi kuskure. A yi mana haƙuri, a dubi zumunci."

Malam Isa, dattijo dogo mai haɗaɗɗiyar gira, ya ce, "Haba Malam Sule, har sai ka taso da kanka? Ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ni ko tambayarta ban yi ba." Ya ɗaga murya ya ce a kira ta.

Mariyama ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Bayanta ga Gwaggo Hajo, yayar mahaifinta, tsohuwa mai ido kamar na shaho. Malam Isa ya ce, "Ga iyayenki sun zo. Ki haɗa kayanki, da la'asar gwaggonki ta raka ki." Ta ce, "To, Baba."

Shi ke nan fa. An gama. Baffa har ya ɗaga hannu za a yi fatiha. Da a ce a wannan lokacin Allah Ya jarabce ni da tari, ko kunama ta harbe ni, da yau ina da sauran mutunci a Kurni. Amma ni abin da nake ji a kunnena shi ne muryar matar Damagaram: damuwar da aka binne tsirowa take yi.

Na ce, "A gafarce ni, Malam. Kafin a shafa."

Baffa ya take mini ƙafa. (Na zaci wuri ne ya yi masa ƙunci, sai na ƙara matsawa gaba.)

Na dubi surukin yayana tsakiyar ido, abin da ko Yaya Habu bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yarsa. Na ce, "Malam, an yi haƙuri, amma ba a taɓo ciwon ba. In ba a bar Mariyama ta faɗi abin da take ji ba, gobe ma za mu dawo. Kai kanka, Malam, na ga ɓacin rai a fuskarka."

Ya ce, "Ni?"

"Kai. Ga girarka nan ta haɗe."

"Da ita aka haife ni."

Ban tsaya ba. Na juya wajen Mariyama, na sassauta murya irin ta masu formasiyo. "Mariyama, nan wuri ne na aminci. Ki buɗe zuciyarki. Me ya ɓata miki rai?"

Ta ce, "Ba komai."

Gwaggo Hajo ta ce, "Kai yaro, an ce maka ba komai."

Na ce, "Gwaggo, ba komai ɗin nan ita ke kashe aure. Kada ki ji tsoron kowa, Mariyama. Ko wane ne, ki faɗi sunansa. Ni na tsaya miki."

Baffa ya ce a hankali, "Innalillahi." Malam Isa ya gyara zama, ya harɗe hannu, ya ce, "To. Tunda mushe ya taho mana da ilimi tun daga birni, Mariyama, faɗa masa."

Sai ta ɗago, idanunta jawur, ta ce, "Kai ne."

Wallahi saboda tsabar horo, bakina ya fara aiki kafin kaina. Na gyaɗa kai na ce, "Na ji ki. Kina cewa abin da ke damunki shi ne..." Sai maganar ta iso inda ya kamata ta iso. Na ce, "Ni?"

"Kai. Kullum 'yar ƙauye, 'yar ƙauye. In na yi miya ka kushe, kuma ka lashe kwano. In na yi baƙi ka shigo ka ce su yi haƙuri da ni, ban saba da gari ba. In na ɓata rai a ce wasa ne, ƙanin miji ne. Na faɗa wa yayanka ya yi maka magana, ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ba. Duk na shanye. Amma ranar sunan gidan Alhaji Mamman, gaban mata cike da tsakar gida, ka tashi kana kwaikwayon Baba."

Abin kuwa ya faru. Malam Isa yana da wata irin amsa waya: sai ya miƙe tsaye, ya riƙe salular nesa da fuska kamar za ta cije shi, ya kwarara ihu kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona. Na iya kwaikwayonsa sosai, har da girar. Ranar sunan mata sun yi dariya har da hawaye. Na ga Mariyama ta tashi ta fita, na ce a raina dariya ce ta ci ƙarfinta.

Malam Isa ya ce, "Ni ake kwaikwaya?"

Gwaggo Hajo ta ce, "Kai fa. An ce har tsalle yake yi."

"Ban yi tsalle ba," in ji ni, kamar wannan ne zai cece ni.

Dattijon ya dube ni daga hula har takalmi, wato inda takalmin ya kamata ya kasance, don na tuɓe shi a bakin zaure. Ya ce, "To bismilla. Ga ni, ga ka. Yi mu gani, mu ma mu yi dariyar."

Ni da na zo kallon ido, sai ga ni ina ƙirga zaren tabarma. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san ko mene ne ba. A daidai nan, don Allah Ya cika mini kunyata, salular Malam Isa ta yi ƙara a aljihunsa.

Ya miƙe tsaye. Ya miƙa hannu can nesa. Ya haɗe gira.

"ALO! ALO! WANE NE? NI NE! KANA JI NA?"

Jama'a, ban rage komai ba a kwaikwayon nan, ban ƙara komai ba. Na cije leɓe. Na tuna mutuwa. Na tuna kabarin mahaifina. Na tuna abin da aka koya mana na riƙe zuciya, wai a ja numfashi a hankali ta hanci. Na ja. Ai kuwa ta hancin ta fito, wata irin ƙara kamar ta jaki ya shaƙi ƙaiƙayi, har da ɗan guntun fura.

Malam Isa ya kashe waya ba tare da ya gama maganar ba. Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Malam Sule, ku gaida gida. Yarinya ba ta gama ganin dangi ba tukuna." Ya tura goron gaban Baffa, ya shige cikin gida. Mariyama ta bi shi tana kuka. Gwaggo Hajo ce kaɗai ta tsaya, ta ce mini, "Sannu, likita."

A hanyar dawowa Baffa ya ƙi riƙe ni, ya gwammace ya riƙe ƙarfen baya ko da zai faɗi. Sai da muka hango gari ya ce, "Shekarata nawa ina zuwa biko, ban taɓa dawowa da gorona ba sai yau."

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Muna shan kwana na hango Yaya Habu tsaye a ƙofar gida cikin wankakkiyar riga. Ya share tsakar gida da kansa, ya cika randuna, ya sayo nama ya rataye. Ya dubi Baffa, ya dubi fuskata, ya dubi hanya bayanmu. Baffa ya ba shi labari a gajarce. Na tsaya ina jiran mari, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Ka ci abinci?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na ce maka kana da aji. Na ce motonka tana ƙara. Me kuma zan ce? In ce wa ƙanina kada ya shigo gidana?"

Ashe duk garin an sani. Baffa ya sani, Lawali ya sani, matan unguwa sun sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne wanda aka kai Damagaram ya koyo karatun zuciya. Na tsani kaina ranar nan, ba wasa. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa yana shirin rasa matarsa don ya kasa ɓata mini rai, ni kuma ina yi masa lacca a kan sauraro.

Washegari na koma Kurni ni kaɗai, ba wanda ya aike ni. Na tuɓe takalmi tun daga gindin bedi. Ban hau tabarma ba, na zauna a ƙasa, na sa ido a kan yatsun ƙafata. Da Malam Isa ya fito na ce, "Baba, na yi rashin kunya. Laifina ne, ba na Yaya ba. A yafe mini." Daga nan na kulle bakina, abin da ban taɓa gwadawa ba tun da na fara magana.

Ya bar ni nan zaune, ya tafi ya ba dabbobi ruwa, ya dawo, ya yi alwala, ya yanke farce. Can ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Yau ba a duba girata?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ya yi wani ɗan tsaki wanda ban san ko dariya ce a cikinsa ba, kuma ban yi gigin fassara shi ba. Ya ce ba shi na fi ɓata wa ba, in je in nemi gafarar mai ita. Aka kai ni bakin ƙofar ɗakin Gwaggo Hajo, na durƙusa daga waje, na ba Mariyama haƙuri ta bayan labule. Na ce na ɗauka wasa nake, ashe cin fuska nake yi, kuma ta yi ta nuna mini ban gani ba.

Sannan ta ce, "Na yafe. Amma ka yi aure, mushe. Ka samu taka, ka je can ka yi ta karanta ta."

Gwaggo Hajo ta ce, "Allah Ya ji ƙan 'yar mutane."

Bayan kwana kaɗan Baffa ya sake komawa, wannan karon an tabbatar ina cikin aji kafin su tashi. Da la'asar Mariyama ta dawo ɗakinta. Na ji shigowarta daga bayan katanga, na ji Yaya Habu yana yi mata sannu da zuwa da wata murya da ban san yana da ita ba, na zauna a ɗakina na ci gari da ƙuli, ban leƙa ba. Har yau suna tare, da 'ya'yansu, kuma in na shiga gidan sallama nake yi in gaishe ta da sunanta, in ci abin da aka ba ni in ce an gode.

Ilimin nan na karantar zuciya gaskiya ne, ban ce ku ƙi shi ba, yana gyara aiki yana gyara gida. Shawarata dai ɗaya ce, kuma da tsada na saye ta: kafin ka tsare mutum gaban ubansa ka ce lallai sai ya faɗi abin da ke damunsa, ka fara bincikawa a ɓoye ko kai ne.